Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Zamfara: Abin Da Rabon Gonaki Ya Jawo A Dutsen Elgon

Mai girma Shugaban Majalisa da masu girma wakilanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi mana ta'aziyyar waɗanda muka rasa a Anka, Maru, Zurmi, Tsafe, Shinkafi da ko'ina cikin jihar nan. Allah Ya jiƙansu, Ya dawo mana da waɗanda ke hannu lafiya.

Maganar ƙasa ce ta sa na ɗauki alƙalami: gona, burtali, mashaya da gandun daji. Sai dai ina roƙonku ku yi haƙuri mu fara zuwa gabashin Afirka, domin akwai wani wuri can da ya riga mu shiga irin halin da nake jin tsoron yana jiranmu a gaba.

Dutsen Elgon yana zaune a kan iyakar Kenya da Yuganda, arewa maso gabas da Tafkin Biktoriya. Tsohon dutse ne mai aman wuta. Masana sun ce ya fara amai kimanin shekara miliyan 24 da suka wuce, kuma miliyoyin shekaru ke nan da mutuwarsa. Ƙololuwarsa mai suna Wagagai tana ɓangaren Yuganda, tsayinta mita 4,321. Faɗin gindinsa ya kai kilomita 80, ya fi nisan Gusau zuwa Ƙaura Namoda. A can sama, inda bakin wutar ya rufta ciki, an samu wani ƙaton kwari mai faɗin kusan kilomita 8. Ruwan da ke taruwa a cikinsa yana fita ta wata tsaga ya zama Kogin Suam, kuma shi kogin ne iyakar ƙasashen biyu ta wannan gefe kafin ya gangara ya nufi Tafkin Turkana. A jikin dutsen akwai koguna, wato ramuka, da yawa. Wanda ya fi suna shi ne kogon Kitum, inda giwaye ke shiga da dare cikin duhu suna kankare bango da haurensu don gishirin da ke jikin dutsen, kamar yadda makiyayi ke nema wa shanunsa kanwa.

Abin da ya shafi wasiƙata shi ne ƙasar wurin. Toka da narkakken dutsen da aka amayar sun ruɓe a tsawon zamani sun zama jar ƙasa mai albarka, ga ruwan sama wadatacce. Kofi, ayaba, masara, albasa, dankalin Turawa, duk abin da aka binne sai ya fito. Shi ya sa jama'a suka yi cincirindo a gangarensa. Bagisu, waɗanda ke kiran dutsen Masaba, suna gefen birnin Mbale. Sebei suna Kapcorwa, garin da ya fitar da gwanin tseren nan Joshua Cheptegei. A gefen Kenya kuwa akwai Sabaot, kuma labarinsu nake so ku saurara.

A zamanin mulkin mallaka Turawa sun kori Sabaot da yawa daga filayen Trans Nzoia don su kafa manyan gonakinsu. Mutanen sun kasu biyu bisa ga inda suke zaune. Waɗanda ke can sama a filin ciyawa na Chepkitale, suna kiwo da cirar zuma, ana ce musu Mosop. Na ƙasa, manoma, su ne Soy. Harshe ɗaya suke yi, suna auratayya. A 1968 aka kafa gandun namun daji a dutsen, a 1971 kuma gwamnati ta fara sauko da Mosop zuwa wani yanki da aka yanka daga gandun daji, mai suna Chepyuk. Niyyar ba ta da aibu a takarda: a kare daji da tushen ruwa, a kusantar da mutane ga makaranta da asibiti.

Inda aka yi ɓarna shi ne ba a gama aikin ba. An nuna wa mutane fili da yatsa, ba a auna ba, ba a ba su takardar mallaka ba. Wasu Mosop, da yake ba su saba da noma ba, suka sayar ko suka ba da haya ga Soy. Wasu suka kira dangi su taya su sharar daji, aka biya su da yanki. Masu hannu da shuni da masu kusanci da hukuma suka shigo suka kama nasu. Shekara kusan ashirin ana haka, mutane sun haifi 'ya'ya, sun binne iyaye a wurin. A 1989 gwamnati ta ce rabon farko cike yake da maguɗi, ta soke shi gaba ɗaya, ta sake sabo da ƙuri'a. Mutumin da ya sayi gona da guminsa ya wayi gari ba shi da komai, wani da bai taɓa sare itace ɗaya a wurin ba ya ja ƙuri'a ya samu. A 1993 Shugaba Daniel arap Moi ya ba da umarnin a ƙara yanki don waɗanda suka rasa. Shi ma aka bar shi ba awo, ba takarda, har shekara goma sha uku. Mutane suka shiga suka zauna, kowa ya kama iya ƙarfinsa.

Da aka tashi kammalawa a 2006, sai aka ce fili 1,732 ne kawai, kowanne eka biyu da rabi, a raba biyu tsakanin Soy da Mosop. Masu nema dubbai ne. Wanda ke noma eka hamsin aka ce ya koma biyu da rabi, in ma sunansa ya fito. Jerin sunayen kuma ya zama makamin siyasa, domin zaɓen 2007 na tafe, kowane ɗan takara na alkawarin sa sunan nasa da cire na abokin hamayya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan samarin Soy da suka ga za a tashe su suka shiga daji suka kafa rundunar da aka sani da SLDF, wato Rundunar Kare Ƙasar Sabaot, suna cewa kare ƙasarsu suke yi. Ku dubi abin da ta koma cikin shekara biyu, ku gaya mini ko bai yi muku kama da wani abu ba. Sun ɗora wa ƙauyuka haraji. Malamin makaranta yana ba da wani abu daga albashinsa, manomi yana ba da buhu daga amfanin gonarsa. Sun kafa kotunansu a daji. Wanda ya ƙi biya ko aka zarge shi da kai rahoto ga hukuma, a yanke masa kunne, ko a ɗauke shi ba a sake ganinsa ba. Sun kwashe shanu, sun tilasta wa yara maza barin makaranta su ɗauki bindiga, sun keta haddin mata. Mafi yawan waɗanda suka cuta kuwa 'yan uwansu ne Sabaot, mutanen da suka ce don su suka fito. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce sun kashe fiye da mutum 600, dubun dubata kuma sun bar gidajensu. Dajin dutsen, da kogunansa, da iyakar da ke kusa, su suka zama mafakarsu.

A watan Maris na 2008 sojojin Kenya suka shiga. Cikin wata biyu da 'yan kwanaki suka karya ƙungiyar, aka kashe kwamandanta Wycliffe Matakwei a watan Mayu. Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma an tattara dubban maza da samari an kai su sansani don tantancewa, an azabtar da da yawa, wasu ba su dawo ba. Bayan shekara uku Human Rights Watch ta sake bincike ta ce akwai kimanin mutum 300 da suka ɓace, wasu a hannun 'yan bindigar, wasu a hannun jami'an tsaro, matansu ba su ga gawa ba balle su san matsayinsu. Bayan duk wannan jini, gwamnati ta dawo kan abin da ta gudu tun 1971: awo, tantance sunaye, da takarda.

A gefen Yuganda ma ba a tsira ba. Mutanen Benet, da aka mayar da mazauninsu gandun daji, sun yi shekaru ana ja musu layin iyaka ana sake ja. Babbar kotu ta amince da haƙƙinsu a 2005, duk da haka a 2008 aka tashi wasu daga cikinsu. A Bududa kuwa, inda ƙarancin fili ya sa ake noma gangaren da bai kamata a taɓa ba, ƙasa ta zafto a watan Maris na 2010 ta binne ƙauyen Nametsi, ɗaruruwa suka mutu.

Masu girma, na san abin da wasunku za su ce. Za ku ce matsalarmu ta wuce maganar gona da kiwo tuntuni, ta zama kasuwanci: kuɗin fansa, zinare, safarar makamai. Za ku ce akwai yara a daji yau da ba su taɓa riƙe sanda ko fartanya ba. Gaskiya ne, kuma ba ni cikin masu neman uzuri ga wanda ya kashe rai ko ya sa wa talaka haraji kafin ya girbe gonarsa. Dole a yi amfani da ƙarfi. Ina yi wa sojojinmu da 'yan sanda da Askarawan da aka ƙaddamar a Janairun 2024 addu'ar nasara. Amma duk dattijon ƙasar Dansadau ko Zurmi ya san daga inda aka faro. Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa tana nan tun 1965. An ware Gidan Jaja, an ware dajin da ke tsakanin Zurmi da Birnin Magaji, ga Kuyambana a kudu. A idonmu aka riƙa yankan waɗannan wurare ana ba masu iko da masu kuɗi, burtali ya koma gona, aka kewaye mashaya. Makiyayi ya rasa hanya ya afka gonar talaka, talaka ya kai ƙara, aka ci kuɗin kowa a wurin shari'a, kowa ya fita da ƙullaci. Daga nan sata, daga nan 'yan sa-kai, daga nan ramuwar gayya. Ba na buƙatar ƙarasa muku.

Abin da ke hana ni barci yana gaba. In Allah Ya so wannan wuta za ta mutu, mutane za su koma gida. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya lissafa kusan mata 5,000 da aka kashe mazajensu, marayu fiye da 25,000, da mutum fiye da 190,000 da suka bar gidajensu daga 2011 zuwa lokacin. Wannan lissafin 2019 ne, kun kuma san abin da ya biyo baya. Ranar da waɗannan bayin Allah suka koma, me za su tarar?

A ƙauyenmu na Hausa iyakar gona ba a takarda take ba. Tana jikin layin gamba, da tsamiyar da ke kusurwa, da wani dutse da kaka ya kafa, da kan dattawa uku ko huɗu da suka san wa ya gada, wa ya saya, wace ce gonar aro, wace ce ta jingina. Ƙauyen da ya yi shekara takwas ko goma a watse, gambar ta haɗe da daji, an sare tsamiyar an yi gawayi. Mai unguwar da ya san komai an kashe shi, ko ya rasu yana gudun hijira a wani kango a Gusau. Limamin da aka yi cinikin a gabansa ba ya nan. Yaron da aka gudu da shi a goye zai dawo saurayi, ya ce gonar babansa ce, wani ya ce ai babanka jinginar da ita ya yi gare ni kafin a tashi. Wa zai raba su? Wasu gonakin kuma ba a bar su haka nan ba. Akwai waɗanda suka zauna suka yi sulhu da mutanen daji suka ci gaba da noma nasu da na maƙwabta. Akwai masu kuɗi a birni da ke sayen gonakin 'yan gudun hijira da arha a yanzu haka, daga hannun wanda yunwa ta ci ƙarfinsa, wani lokaci ma daga hannun wanda ba shi kaɗai ke da gadon ba.

Wadda za ta fi shan wahala ita ce matar da ta fita takaba a sansani da 'ya'ya ƙanana. Tumuninta da rabon marayunta suna cikin gonar da ba za ta iya nuna iyakarta ba. Mu ne jihar da ta fara shelar aiki da Shari'a a 1999. Kun fi ni sanin abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu cin dukiyar marayu. Zai zama abin kunya a gaban Allah da mutane a ce a Zamfara ne aka cinye gadon dubban marayu saboda ba wanda ya rubuta.

Haka nan Bafulatanin da bai taɓa ɗaukar bindiga ba, wanda ɓarayi suka kwashe masa shanu, 'yan sa-kai suka ƙone masa ruga, ya tsallaka Nijar ko ya gangara kudu. Shi ma ɗan jihar nan ne. In ya dawo ya tarar mashekarin da kakansa ya zauna ya zama gonar wani babba mai takarda daga Gusau, ina zai dosa? Kuma wa zai fara zuwa wurin ɗansa da tayin bindiga?

Don haka nake roƙonku ku fara aikin rubuta ƙasa tun yanzu, tun shaidu na da rai. Ba sai an jira hanya ta buɗe ba. Mutanen ƙauyukan da suka watse suna Gusau, Anka, Ƙaura, Talata Mafara, Gummi, kuma galibi 'yan gari ɗaya suna zaune kusa da juna. A tara su gari-gari, da dagaci ko wakilinsa, da liman, da sarkin noma, da arɗo, da alƙali, da mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu. Kowa ya faɗi gonarsa da maƙwabtansa na gabas da yamma, kudu da arewa, a gaban jama'a, a rubuta, a karanta da Hausa kowa ya ji. Inda aka yi saɓani a rubuta cewa akwai saɓani. Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun baya suna nuna yadda gonaki suke kafin a watse, kuma jihar nan tana da hukumar taswira da rajistar filaye ta ZAGIS da aikinta ke nan. Kada aikin wannan hukuma ya tsaya ga filayen GRA da shagunan Gusau. Ku ware mata kuɗi a kasafi da sunan wannan aiki, ku kuma bi sawun kuɗin.

Kafin a kammala, ku yi dokar da za ta dakatar da tabbatar da duk wani cinikin gona a garin da mutanensa ke gudun hijira, sai an tabbatar da magada sun sani sun yarda. Wanda ke sayarwa don ya ci abinci, taimako yake buƙata, kuma ya fi sauƙi a ba shi buhun masara yau da a yi shari'a da 'ya'yansa shekara ashirin.

Sai maganar dazuzzuka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da har hekta 500 don noma, da hekta 5,000 don kiwo, ba tare da neman yardar gwamna ba. Ku auna girman wannan iko a hannun shugaban da wa'adinsa 'yan shekaru ne, da kuma irin matsin da yake sha daga waɗanda suka ɗora shi. Dokar ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon fili a kowace ƙaramar hukuma. A cikin ƙananan hukumominmu 14, nawa ne ke da wannan kwamiti yana zama? Kuna da ikon kiran kowa ya zo gabanku ya amsa. Ku nemi a kawo muku jerin duk wanda aka ba yanki a gandun daji ko na kiwo tun daga 1996 da aka ƙirƙiri jihar, da girman abin da aka ba shi, da wanda ya sa hannu. Ku liƙa shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar fadar kowane sarki, a karanta a rediyo. Na san sunayen wasu manya za su fito, watakila har da na wasu da ke zaune a zauren nan. Wannan ne ma dalilin da ya sa sai ku ne za ku iya.

Amma ina gargaɗinku da kuskuren 1989 na Chepyuk. Kada a tashi rana ɗaya a ce an soke komai. A cikin masu noma a tsohon gandun daji akwai babban mutum mai hekta ɗari biyar da bai taɓa taka wurin ba, akwai kuma talakan da ya sayi kadada biyu daga hannun dagaci shekara ashirin da suka wuce, da kuɗin akuyar matarsa. In aka yi musu hukunci ɗaya, babban zai je kotu ya dawo da nasa, talakan kuma zai koma gida da baƙin cikin da ɗansa zai gada. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda dole a buɗe burtali, a buɗe, a biya wanda abin ya shafa ko a musanya masa, kuma a biya kafin a tashe shi. Ba sai mun je Kenya neman misalin abin da jinkirin diyya ke jawowa ba. Manoman yankin madatsar ruwan Bakolori sun tare hanya ne a kan diyya da rabon gonakin da aka yi musu alkawari, kuma a watan Afrilun 1980 aka buɗe musu wuta. Har yau akwai tsofaffi a ƙasar Maradun da Mafara da ke ba da labarin da hawaye.

Duk wani sabon matsuguni da za a gina, na makiyaya ne irin rugar da aka fara a Maradun ko na 'yan gudun hijira, kada a sa mutum ko ɗaya a ciki sai an auna, an kafa duwatsun iyaka, takarda na hannu. Kada kuma a fitar da jerin sunayen masu amfana a shekarar zaɓe, kuma kada a ba 'yan siyasa, har da ku, kason sunaye. Na san wannan zai yi muku ɗaci, domin jama'arku za su zo ƙofar gida suna roƙo. Ku ce musu doka ta hana, ku kuwa kuka yi dokar.

Abu na ƙarshe shi ne iyaka. Kenya da Yuganda sun gane cewa dutse ɗaya ba ya kiyayuwa daga gefe ɗaya, har suka kai ga haɗa ɓangarorin biyu a matsayin yankin kariya guda a ƙarƙashin UNESCO a 2023. Mu ma ta Zurmi muna jingine da ƙasar Maradi, kuma shanun da ke sauka mana da rani suna hawa arewa da damina tun kafin a ja layin. Hulɗar Abuja da Yamai ba a hannunku take ba, amma sarakunanmu da na can 'yan uwa ne, suna gaisawa a biki da ta'aziyya. Idan kuka tashi tantance burtali, ku gayyaci sarakunan iyaka da arɗo-arɗon ɓangarorin biyu, don hanyar da aka buɗe a nan ta haɗu da wadda ke can.

Ina roƙon kwamitinku mai kula da filaye ya sa ranar sauraron jama'a a kan wannan batu kafin a gabatar da kasafin kuɗi mai zuwa, a yi zaman da Hausa da Fulatanci, kuma a fara shi a inda 'yan gudun hijira suke.

Allah Ya yi muku jagora, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin labarin ƙasa,
Gusau.